Mai Sayen da Ban Faɗi Sunansa Ba

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda tun kafin a aiko shi mutanen garinsu suke kai masa ajiya.

Ku samarin da kuka shigo dillancin gidaje da filaye a 'yan shekarun nan, ina jin hirarku a rumfar mai shayi. Kuna cewa sana'ar ba ta da wata wahala: a ɗauki hoton gida da waya, a watsa, mai so ya kira, a karɓi la'ada. Ba zan musa muku ba, ana cin abinci a haka. Amma ni a cikinta na yi furfura, tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, kuma abin da na gani shi ne surutu ya fi komai sauƙi a aikin dillali. Mai nauyin ita ce maganar da mutum zai damƙa maka ya ce ka riƙe.

A hannun Baba Barmo na koyi aikin. Tsohon dillali ne a Gusau, dogo, mai ɗan ɗingishi, bai iya rubutu ba. Ya ɗauke ni ne saboda na yi makarantar allo har hannuna ya faɗa da ajami, shi kuma yana bukatar mai rubuta masa takardar ciniki. Kayan aikinmu ba su da yawa. Igiyar rama mai ƙulle-ƙulle ta awo, turakun kafa iyaka, sandar da yake ƙwanƙwasa katanga da ita ya ji ko gara ta cinye cikinta, goro a cikin ganye, sai gafakata mai tawada da alƙalamin kara. Na daɗe ina ɗaukar igiya kafin ya bari in buɗe baki a gaban mai saye.

Cinikin da ya fara buɗe mini ido na wani gida ne a Sabon Garin Gusau. Mai gidan tela ne, Kirista, mutumin kudu da ya daɗe a garin. Idonsa ne ya fara mutuwa, ya yanke shawarar komawa garinsu, amma bai so masu kawo masa ɗinki su sani ba tukuna. A gabana ya gaya wa Baba Barmo. Da muka kawo mai saye, wani ɗan kasuwar hatsi, sai Baba Barmo ya zagaya da shi bayan gida ya nuna masa tsagar da ke jikin katanga, wadda shi bai ma lura da ita ba. Ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya da damina. Ya ɗaga tabarmar da aka rufe ramin gafiya da ita. Ɗan kasuwar ya gama dubawa ya ce, "To Baba, mi ya sa yake son rabuwa da shi?"

Baba Barmo ya ce, "Alhaji, gida na kawo ka ka gani. In mai gidan kake son saye, shi ba a ba ni shi ba."

A hanyar komawa ya yi mini bayani, kuma bai sake maimaitawa ba har ya bar duniya. Aibin gida haƙƙin mai saye ne, ko bai tambaya ba sai ka faɗa masa. Dalilin mai gida kuwa nasa ne, ya gaya maka ne kawai don ka san yadda za ka yi masa aiki. Haka kuma in mai saye ya ce kada a ambaci sunansa. Ya ce ranar da na cakuɗa biyun nan, in ajiye masa igiyarsa in nemi wata sana'a.

A wancan zamani ɓoye sunan mai saye ba abin zargi ba ne. Attajiri yakan sa dillali ya tsaya masa wakili don kada a ji sunansa a tsawwala farashi, kuma shari'a ta yarda da wakilci. Amma akwai rana ɗaya da ake yin komai a sarari, ita ce ranar taka iyaka. Ba a kammala cinikin gida ko gona sai an kira mai unguwa da maƙwabtan da suka haɗa katanga. A bi iyaka da ƙafa, kusurwa bayan kusurwa, kowa ya ce nan ne ko ba nan ba ne. A tambayi maƙwabci ko yana so, don shi ya fi cancanta a fara yi wa tayi. In ya ce ya bari, sai in zauna in rubuta, shaidu su sa hannu, a raba goro, a yi fatiha. Wannan taron shi ne ƙarfin takarda. Ko ta ɓace, ko gara ta ci, unguwa ta shaida.

Sai Allah ya kawo mu zamanin mutanen daji, masu ɗaukar bindiga su kore shanu su sace mutane. Taron da ke kare mai gida ya koma abin da ke tona shi. In an raba goro yau, gobe labari ya kai daji cewa wane ya sayar da gona, hannunsa da nauyi. Na ga manomin Magami da ya roƙe ni a taka iyakar gonarsa ba tare da ya zo ba. Na ga wanda ya sayar da gida ya ci gaba da share ƙofarsa kullum don kada a gane. Mutane suka daina tambayar dillali nawa ne, suka koma tambayar wane ne, kuma me ya sa. Duk wanda bai amsa ba, sai a fara yi masa wani kallo.

A cikin wannan hali ne Baffa Ja'e ya neme ni. Dattijon makiyayi ne, rugarsu tana can bayan Tsafe, suna ɗan noma gero kusa da ita. Na san shi tun lokacin da na taɓa auna iyaka tsakaninsa da wasu manoma, aka rabu lafiya. Ranar kasuwar Tsafe ce, bayan azahar, ya ja ni gindin wata dalbejiya a bayan masallaci.

Ya ce, "Kaɗo, har yanzu kana auna ƙasar Allah da igiya?"

Na ce, "Baffa, ku da kuke auna ta da ƙafar saniya, ina kuka kai?"

A da wannan zai sa shi dariya har ya riƙe sanda. Ran nan murmushi kawai ya yi, ya tsuguna. Ya gaya mini an kore mafi yawan garkensa. Babban ɗansa ya bi sawu, ba a dawo da shi da rai ba. Ƙaramin, Siddi, kullum ana aiko masa ya zo ya karɓi bindiga, yana ta kawo uzuri, uzurin kuma ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage masa matan 'ya'yansa ne da jikoki da 'yan shanu kaɗan. Yana son gida a cikin gari. Ba a Tsafe ba, don an san fuskarsa. A Bungudu.

Ya ce, "Amma ka ji ni da kyau, Malam. In wagga magana ta shiga daji kafin mu fito, za su ce soja zan kai wa labarinsu, ba za su bar Siddi ba. In ta shiga gari kafin mu shiga, ba wanda zai saida wa Bafillace gida. Kai kaɗai na gaya wa. Ko matarka."

Na ce, "Ko matata."

Shirinsa mai sauƙi ne. A gama ciniki da sunana a matsayin wakili. Mata da yara su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan kamar masu zuwa tallar nono. Siddi ya kora shanun zuwa wata kasuwa mai nisa ya sayar, ya biyo su. In kowa ya fito, shi Baffa da kansa zai je gaban mai unguwa da liman ya ce ga shi, ga zuriyarsa, a bincike shi. Ya ce ƙin suna yana da sauƙi, amma korar mata da jarirai daga ɗaki sai mai taurin zuciya.

Gidan da na samo masa na Malam Lawali ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana son komawa wajen 'ya'yansa a Gusau. Ginin ƙasa ne da aka yi wa fuska da bulo, da zaure, da rijiya, da tsakar gida mai faɗi. Na ƙwanƙwasa katangunsa duka, lafiya lau, in ban da ɗaki ɗaya mai yoyo. Maƙwabcinsa na gabas Alhaji Mamman ne, mai sayar da taki da iri, abokina tun muna yara a makarantar allo, tabarma ɗaya muke zama. Na ɗauka wannan sauƙi ne Allah ya kawo. Na san an ɗauke ɗansa Nura a hanyar Nahuce, kuma bai dawo ba. Na je masa ta'aziyya, na zauna tare da shi. Sai dai ban auna yadda abin ya canza shi ba.

Nuna wa mutum gida ba tare da an gan ku tare ba yana da hanyarsa, Baba Barmo ne ya koya mini. Ka yi gaba, mai saye yana bin ka daga nesa kamar bai san ka ba. In ka zo ƙofar gidan sai ka tsaya ka jingina sanda, ka gyara takalmi, ka wuce. Haka muka yi da Baffa. Ya ga waje. Cikin gida kuwa surukarsa Dije ce ta gani, matar ɗansa da ya rasu. Ta ɗauki ƙwaryar nono ta yi sallama ta shiga, don ba gidan da ake hana mai nono shiga. Ta nemi ruwan sha aka ɗebo mata na rijiya, ta nemi zagayawa aka nuna mata bayan gida. Da muka sake haɗuwa a Tsafe, Baffa ya kawo mini bayaninta: ruwan rijiyar da daɗi, ɗaki ɗaya yana yoyo, matar gidan kuma ta iya ciniki, sai da ta sa aka yi mata gyara har sau biyu.

Baffa ya ce, "Ina za a ɗaure ɗan maraƙi?"

Na ce, "Baffa, gari za ka shiga."

Ya ce, "Ɗaya dai, Kaɗo. Kada yara su tashi ba su san warin saniya ba."

Na yi tayi, Malam Lawali ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Na ba shi kafin alƙalami, muka sa ranar taka iyaka.

Da hantsi muka taru. Mai unguwa ya zo, maƙwabcin yamma ya zo, Alhaji Mamman ya fito yana gyara hula. Tun daga nesa ya fara tsokanata da sunan da yake kirana tun muna yara.

"Gwani, yau kuma wa ka kawo mana? Allah ya sa mai ba da aron tsani ne, don wanga Lawali ko tsintsiya ba ya bayarwa."

Malam Lawali ya ce, "Wadda ka ara bara ka maido?"

Aka yi dariya. Na warware igiya, muka bi iyaka, ba wanda ya yi gardama a kan ko taki ɗaya. Na tambayi maƙwabtan biyu ko suna so, kowa ya ce ya bari. Na zauna a kan tabarma na buɗe tawada. Mai unguwa ya ce, "Sunan mai saye?"

Na ce, "Ni ne wakilinsa, ranka ya daɗe. Ya nemi a saya masa sunansa zuwa wani ɗan lokaci."

Alhaji Mamman ya ce, "To mu dai faɗa mana a kunne."

Na ce, "Alhaji, amana ce."

"Amana a kaina? Ni da muka sha bulalar malam ɗaya?"

"Ko kai ne ka ba ni, haka zan riƙe maka."

Sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Mutumin kirki ne?"

"Na shaide shi. Na san shi, na san ɗiyansa, ban san shi da cutar kowa ba."

"To mi yake ɓoyo?"

Na ajiye alƙalami.

Ya ce, "Ka san su wa ke sayen gida babu suna yanzu? Waɗanda sunka karɓi kuɗin fansar ɗiyan mutane. Su sayi gida cikin gari, su zuba masu kai musu labari. Katangata ɗaya da wanga gida. Jikokina a nan suke wasa. Ba zan sa hannu in shaidi wanda ban sani ba." Ya karkaɗe rigarsa ya shige gida. Maƙwabcin yamma ya dubi ƙasa, shi ma ya ce a dakata. Goron da na kawo ban ko kwance shi ba.

Ba zan ce Alhaji Mamman ya yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa yana faruwa, ni ma na ji. Maƙwabci yana da haƙƙin sanin wanda zai kwana a bayan katangarsa. Mai amana kuma yana da haƙƙin a riƙe masa. Duk tsawon zamana da Baba Barmo ban taɓa ganin ranar da haƙƙoƙin nan biyu suka yi karo ba, don haka bai bar mini maganinta ba.

Da kowa ya watse, Malam Lawali ya ja ni zaure. Ya ce, "Malam, ka sauƙaƙa mana. Ka ce ma'aikacin gwamnati ne da za a yi wa canjin wajen aiki. Wa zai bincika?"

Na ce masa shaidu za su sa hannu a kan abin da na faɗa, a kuma yi fatiha a kai. Ranar da masu gidan suka shigo aka ga ba haka ba ne, ƙaryar ba a kaina kaɗai za ta tsaya ba, a kansu za ta faɗa, a ce da yaudara suka shigo. Ya ce to shi dai ba zai bar unguwa da baƙin jini ba, in daidaita da maƙwabta ko in karɓi kafin alƙalamina.

Ranar kasuwa ta zagayo na koma Tsafe. Na gaya wa Baffa duk yadda aka yi. Na ce ya ba ni izini in faɗa wa mai unguwa shi kaɗai, in rantsar da shi.

Ya daɗe yana zane ƙasa da sanda, sannan ya ce, "Mai unguwar nan shi kaɗai yake kwana?"

Na ce, "Yana da iyali."

"Iyalin suna da 'yan'uwa. 'Yan'uwan suna cin kasuwa. Waɗanda nake tsoro su ma kasuwar suke ci, ga su can suna sayen man babur. Siddi yana cikin daji da shanu, Malam. In ka ga dama ka faɗa, bakinka ne. Amma ni ban ba ka ba."

Na ce, "To ba zan faɗa ba."

Ba a jima ba aka kira ni zauren mai unguwa a Bungudu. Na tarar ya cika, har da dattawan da ban taɓa ciniki da su ba. A waje matasan 'yan sa-kai ne zaune a kan babura. Mai unguwa mutum ne mai sanyin hali, ya yi mini magana da mutunci. Ya ce ba wanda ke tuhumata, amma hankalin jama'a ya tashi. In faɗi sunan a nan, a bincika, in mutumin kirki ne shi da kansa zai raba goro.

Na dubi zauren. Na dubi ƙofa, inda kunnuwa suka fi na ciki yawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, in akwai aibi a gidan nan ko a wani gida da na taɓa sayarwa, ku tambaye ni in faɗa. In kun taɓa kama ni da kawo muku mugun maƙwabci, ku faɗa. Amma sunan nan ba nawa ba ne. Na nemi izini an hana ni."

Wani daga baya ya ce, "Ashe ma yana ganinsu."

A ƙarshe Alhaji Mamman ya dube ni. Ya ce, "Gwani, na roƙe ka don zumuncin da ke tsakaninmu."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji."

Mai unguwa ya yanke cewa an fasa cinikin, kuma kada in sake kafa turke a unguwarsa sai ranar da na zo da amsa. Malam Lawali ya maido da abin da na ba shi. Na ɗaure igiyata a bayan babur na fito, matasan nan suna kallona har na sha kwana.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Na ce wa Baffa zan nemo masa wani a Gusau, kuma na nema. Amma labari ya riga ni shiga gari: ga dillalin da ke saya wa marasa suna gida. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, tambayar farko ita ce wane ne mai sayen. Ban iya miƙa aikin ga wani dillali ba, don miƙawa faɗa ce. Wata Hajiya da na daɗe ina kula mata da gidajen haya ta aiko a karɓi makullanta, ba ta ko zo da kanta ba. Jami'an tsaro sun kira ni, suka yi mini tambayoyi tun safe har rana ta karkata, suka sallame ni don ba su sami komai ba. Sallamar ba ta wanke ni a wajen kowa ba. In na iso majalisa sai a koma hirar farashin masara. Na sayar da babur. Na koma rubuta wa mutane wasiƙa da koyar da yaran unguwa baƙi da wasali.

Duk da haka ina hawa motar haya in je Tsafe ranar kasuwa, in ce wa Baffa ba a samu ba tukuna. Yakan ce, "Allah bai kawo ba, Kaɗo." Da ruwa ya sauka sai ya daina zuwa. Na tsaya gindin dalbejiyar nan kasuwa bayan kasuwa. Ba ni da wanda zan tambaya, don tambayar ma tona shi ce. Can cikin damina aka ce an ƙone rugage a wancan yanki. Waɗansu suka ce mutanen daji ne, waɗansu suka ce waɗanda ke farautarsu ne. Hanya ta rufe, ba mai shiga.

Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana a Gusau. Mace ce da goyo, babu ƙwarya a kanta. Ban gane ta ba, don ban taɓa ganinta kusa ba. Ta ce ita ce Dije, surukar Baffa Ja'e, shi ya taɓa kwatanta mata unguwarmu. Iyalina suka shigar da ita, aka ba ta ruwa da abinci. Daga baya ta fito zaure ta zauna nesa, ta ba ni labari ba tare da ta ɗaga kai ba. Baffa ya rasu a ranar da aka shiga rugar. Siddi ma. Ba ta san waɗanda suka zo ba, fuskokinsu a rufe suke. Sauran mata da yara kowa ya yi ta kansa, har yau ba ta ji labarin kowa ba. Ita za ta wuce wajen dangin mahaifiyarta, can nesa. Ta tsaya ne don Baffa ya taɓa cewa in wani abu ya faru a gaya wa Malam ya daina nema.

Na yi musu addu'a. Sannan na tambaye ta abin da ya wajaba in tambaya. Na ce akwai maganar da Baffa ya ba ni riƙo, yanzu ita ce ta rage a cikin masu haƙƙi, yaya take so in yi da ita.

Ta ce, "Wa ya rage da za a kashe, Malam? Faɗi abinka."

Shi ya sa kuke jin wannan labari daga bakina. Ba don na gaji da riƙewa ba. Ku da kuke sa hoton ƙofar mutum da lambarsa a waya kafin ya gama gaya muku abin da ya kawo shi, ku sani akwai cinikin da rai ke rataye a jikinsa, kuma ba a rubuce yake a goshin mai shi ba. Ba kuma zan yi muku alkawarin cewa riƙe amana zai cece ku ko ya ceci mai ita ba. Ni na riƙe, kun ji yadda ta ƙare. Wajibi ne dai, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, sakamakon yana wajen Allah.

Bayan tafiyar Dije na hau mota na tafi Bungudu. Na sami Alhaji Mamman a ƙofar gidansa, a kan benci, ya rame. Ya amsa sallamata, bai matsa mini wuri ba, sai na tsuguna. Na gaya masa komai, tun daga gindin dalbejiya har zuwan Dije. Na faɗi sunan.

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Tsoho ne?"

Na ce, "Ya girme mu."

"Da jikoki?"

"Da jikoki."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Na so in ce maka da ka gaya mini da na sa hannu. Amma ƙarya zan yi. A wancan lokaci, da na ji Bafillace ne daga bayan Tsafe, kafin la'asar na kai sunan ga yaran nan masu babura. Nura kawai nake gani." Ya matsa gefe, ya buga benci da tafin hannu. "Tashi daga ƙasa, Gwani."

Na zauna. Na ce ko zai raka ni wajen mai unguwa, tunda na zo da amsar da aka ce in kawo, a bar ni in koma aiki.

Ya ce, "Zan raka ka. Zan faɗa da bakina a zauren da aka tara maka mutane." Sai ya nuna gidan Malam Lawali da haɓa. An ɗaure ƙofar da waya, ciyawa ta bushe a kan katanga, rufin ɗakin nan mai yoyo ya rufta ciki. "Amma ka duba layin nan. Na yamma ya tashi, na bayansa ya tashi, ni ma yara suna ta matsa mini in koma Gusau. Ko an bar ka ka kafa turke, wa za ka kira ya taka maka iyaka?"